Gurnanin Jita a Ƙaramar Murya: Iyakar Abin da Maragin Ƙarfi Zai Iya

A saman ƙaramar amfilifayar nan ta jita mai suna Vox AC4TV, wadda ta shiga kasuwa a 2009, abubuwan murɗawa uku ne kacal. Ɗaya na daidaita kaifin sauti, ɗaya na ƙara murya, na ukun kuma makunni ne mai matsayi uku da aka rubuta wa wat 4, wat 1 da rubu'in wat. Wannan na ukun shi ne maragin ƙarfi, abin da makaɗa ke kira atenuweta, kuma saboda shi mutane da yawa suke sayen irin waɗannan amfilifayoyi. Alkawarin da yake ɗauke da shi mai jan hankali ne: mutum ya ƙure muryar amfilifaya har sautin jitarsa ya fara gurnani irin na manyan dandamali, amma abin da zai fito daga lasifika bai wuce ƙofar ɗakinsa ba. Alkawarin ba ƙarya ba ne, sai dai rabinsa kawai ake cikawa, kuma wanda bai san wane rabin ba ne yakan zauna yana zargin na'urarsa da laifin da ba nata ba.

Da farko ya kamata a san mene ne gurnanin kansa, wanda makaɗa ke cewa obadiraib. Asalinsa daga bawul ɗin amfilifaya yake, wato ƙwan gilashi da aka zuƙe wa iska, a cikinsa akwai sashen da ake dumamawa har ya riƙa fitar da lantarki, da farantin da ke karɓa, da wata 'yar raga a tsakaninsu wadda siginar jita ke sarrafawa. Ƙaramin motsi a ragar yana haifar da babban motsi a farantin, kuma ƙara ƙarfin sauti ke nan. To amma farantin ba zai iya ba da abin da ya wuce wutar da aka tanadar masa ba. Idan siginar da ke shigowa ta nemi fiye da haka, sai ƙololuwar igiyar sautin ta daskare, ta zama kamar an datse mata kai. Datsewar nan ce take haifar da wasu sautuka a kan na asali, waɗanda suke ninkinsa ne: tsirkiyar da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa za ta samu rakiyar 220, da 330, da 440, har sama. Kunne yana jin tarin nan a matsayin kauri da kaushi. Haka kuma, tunda ƙarfin ba ya iya wuce iyakarsa, bugun tsirkiya mai ƙarfi da mai laushi sai su kusanci juna, sautin ya daɗe yana ja kafin ya mutu. Duk wanda ya saurari jitar makaɗan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar ya san ɗanɗanon wannan kaushi, ko da bai san ta inda yake fitowa ba.

Injiniyoyin farko aibi suka ɗauke shi. An ƙera amfilifaya ne don ta ƙara murya ba tare da ta taɓa sautin ba, sai makaɗa suka riƙa ƙure ta saboda su ji kansu a cikin hayaniyar ganguna, a nan kuma suka gano cewa aibin ya fi tsaftar daɗi. Lokacin da Jim Marshall ya fara ƙera tasa a Landan a 1962, yana bin tsarin Fender Bassman ta Amurka, maɓallin murya shi ne komai: idan ana son gurnani, sai a murɗa shi sama. Da makaɗa irin su Pete Townshend suka matsa a ƙara ƙarfi, aka kai ga amfilifaya mai wat 100 a tsakiyar shekarun 1960, sai lamarin ya zama ba a samun sautin da ake so har sai ƙarar ta kai matakin da ke cutar da kunne. Dabarun da suka biyo baya duka ƙoƙari ne na raba waɗannan abubuwa biyu da aka haifa tare, wato kaushi da ƙara.

Hanya ta farko da ta yaɗu ita ce maɓallin Master, wanda Marshall ya sa a amfilifayoyinsa a 1975. Don a gane bambancinsa da maragin ƙarfi, sai an bi siginar daga jita zuwa lasifika. Tana fara ratsa ƙananan bawul na sashen gaba, mafi yawanci samfurin 12AX7, inda ake ɗaga ta kuma a daidaita mata kaifi da kauri. Daga nan ta shiga manyan bawul na sashen ƙarfi, irin su EL84, EL34, 6V6 ko 6L6, waɗanda su ne masu aikin wahala. Bayansu akwai taransifomar fitarwa, wadda ke mayar da wuta mai ɗaruruwan bolt zuwa irin wadda lasifika za ta iya ɗauka. Maɓallin Master yana zaune ne tsakanin sashen gaba da sashen ƙarfi, don haka yana barin a ƙure ƙananan bawul su yi kaushi, sannan a rage abin da ke wucewa, manyan bawul kuwa suna hutawa. Maragin ƙarfi na asali yana can ƙarshen layi, tsakanin taransifoma da lasifika. Komai na cikin amfilifayar yana aiki iya ƙarfinsa, sai a bakin ƙofa a tare mafi yawan wutar a mayar da ita zafi, a bar kaɗan ta isa lasifika.

Me ya sa za a yi wannan almubazzaranci, a samar da wat huɗu a ƙone uku ko fiye? Saboda kaushin manyan bawul yana da halin da na ƙanana ba shi da shi. A amfilifaya mai manyan bawul biyu ko huɗu da ke aiki bi da bi, ɗaya na turawa ɗaya na ja, da zarar an matsa musu sai su zuƙi wuta fiye da yadda sashen samar da wutar zai iya bayarwa nan take. Ƙarfin wutar ya ɗan faɗi a farkon bugu sannan ya farfaɗo, abin da makaɗi ke ji a yatsunsa kamar sautin ya ɗan lotsa sannan ya kumbura. Wannan ya fi fitowa a amfilifayar da ke amfani da bawul wajen daidaita wutarta, irin GZ34 ko 5Y3. Bawul ɗin da ke raba sigina gida biyu don manyan shi ma yana da nasa kaushin, taransifoma tana ƙara nata idan ta ƙoshi, kuma a amfilifayoyin da ake mayar da wani ɓangare na siginar ƙarshe baya don a tsaftace sauti, wannan tsaftacewar tana sakin jiki da zarar datsewa ta fara, sai sautin ya buɗe gaba ɗaya. Duk waɗannan ba sa faruwa idan Master yana ƙasa. Wannan shi ne rabin alkawarin da maragi yake cikawa da gaskiya.

Akwai wani abu da ya kamata mai ƙaramar amfilifaya ya sani tun da wuri. AC4TV babban bawul ɗaya gare ta, EL84, haka ma Bugera V5, haka tsohuwar Fender Champ mai 6V6 guda. Bawul ɗaya da ke aiki shi kaɗai yana zuƙar wuta kusan daidai wa daida ko ana kiɗa ko ba a yi, saboda haka lotsawar nan da aka ambata ba ta cika samuwa a cikinsa ba, kuma babu bawul mai raba sigina sam. Datsewarsa ba ta zuwa daidai a sama da ƙasan igiyar, abin da ke fifita ninki na biyu, wanda kunne ke ji da zaƙi da kauri, alhali tsarin bi da bi yana soke yawancin wannan ninki ya bar na uku da na biyar masu cizo. Sauti ne mai daɗi a kan kansa, amma ba AC30 ba ce, wato babbar Vox mai wat 30, da aka ƙanƙantar, kuma babu matsayin makunni da zai mayar da ita haka.

Sai batun lissafi, inda mafi yawan masu saye suke ruɗewa. Kunne ba ya auna ƙara da wat, kuma ma'aunin da ya fi kusa da yadda yake ji shi ne desibel. Raba ƙarfi biyu yana rage desibel 3 ne kawai, abin da ake lura da shi amma ba ya sauya yanayin ɗaki. Kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ragu da rabi, sai an rage kimanin desibel 10, wato an mayar da ƙarfin kashi ɗaya cikin goma. Bisa wannan, amfilifaya mai wat 50 ba ta da nisa da mai wat 100, kuma mai wat 5 tana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50. A AC4TV, sauka daga wat 4 zuwa wat 1 ragin desibel 6 ne, zuwa rubu'in wat kuma desibel 12. Makunnin da ke raba ƙarfi biyu kawai, irin wat 15 zuwa 7 na Orange Tiny Terror, yana sauya inda kaushi ke farawa da yadda amfilifaya ke amsa yatsa, amma maƙwabci ba zai gode masa ba.

Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne lasifikar jita ba ta wasa da wuta. Celestion Vintage 30 mai inci 12 tana ba da kimanin desibel 100 a nisan mita ɗaya idan aka ba ta wat ɗaya tak. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada a wuce awa takwas a cikin ƙarar desibel 85, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti goma sha biyar ne iyaka. Ke nan ko an sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma na wat, kamar yadda Bugera V5 da Marshall DSL1 suke bari, idan aka jona irin wannan lasifikar ana nan wajen desibel 90. Ƙari a kan haka, wat ɗin da aka rubuta a jikin amfilifaya na sauti mai tsafta ne, kuma idan ta shiga gurnani sosai tana fitar da fiye da shi. Wanda yake son ya yi kiɗa da tsakar dare a gidan haya yana bukatar kashi kaɗan ne cikin dubu na wat ɗaya, ba kashi ɗaya cikin goma ba, kuma makunnin da ke jikin yawancin amfilifayoyi bai kai can ba.

A ce ma ya kai. A nan ne ɗaya rabin alkawarin yake warwarewa, kuma dalilin farko yana cikin dangantakar amfilifaya da lasifika. Ana rubuta om 8 ko om 16 a jikin lasifika, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, amma wannan adadi na suna ne. Turjiyar da take yi wa wuta tana sauyawa da sautin da aka ba ta: tana tashi sosai a wajen sautin da kwanonta ke rawa da kansa, wanda a lasifikar jita yakan faɗa tsakanin kaɗawa 70 zuwa 100 a daƙiƙa, ta sauka a tsakiya, sannan ta riƙa hawa a hankali a sautuka masu kaifi saboda kwayil, wato naɗin waya, da ke cikinta. Amfilifayar taransisto ba ta cika damuwa da wannan ba. Ta bawul kuwa tana bin hawa da saukar nan, tana ƙara turi inda turjiya ta yi yawa, shi ya sa take da ƙugi a ƙasa da ƙyalli a sama. Maragi mafi sauƙi kuma mafi arha, wanda shi ne a yawancin ƙananan amfilifayoyi, rizisto ne guda biyu ko uku, wato abubuwan da ke tare wuta su mayar da ita zafi: ɗaya a kan hanyar lasifika, ɗaya a gefenta. Rizisto ba ya hawa ba ya sauka, turjiyarsa ɗaya ce a kowane sauti. Idan ragin kaɗan ne, amfilifaya tana ci gaba da jin lasifikar ta bayan rizistocin. Idan aka rage kashi goma sha biyar cikin goma sha shida, kusan rizisto kawai take gani, sai ƙugi da ƙyalli su tafi tare, a bar tsakiya mai toshewa kamar an lulluɓe akwatin da bargo. Rizistan da ke gefe kuma yana riƙe kwanon lasifikar, yana hana shi sakewar da ya saba yi.

Masu ƙira sun san da wannan, kuma maganinsu shi ne maragi mai kwaikwayon lasifika, wanda aka haɗa da kwayil da kafasito, wato ɗan ma'ajin wuta, don turjiyarsa ta riƙa hawa da sauka kamar ta gaske. Ironman II da kamfanin Tone King yake sakawa a cikin Imperial Mk II irin wannan ne, kuma yana daga cikin dalilan tsadarta, domin kwayil mai ɗaukar wannan wuta yana da nauyi da kuɗi. Bambancin ana jin sa, musamman a ragi mai zurfi. Amma ko mafi kyawunsa ya gyara abin da amfilifaya ke gani ne kawai, bai taɓa abin da ke faruwa bayan wutar ta bar shi ba.

Bayan ta bar shi kuwa abubuwa uku ne suke jira, kuma babu wanda maragi yake da iko a kansa. Kwanon lasifika na takarda ne, kuma idan aka tura shi da ƙarfi ba ya motsi a dunƙule, sassansa suna lanƙwasa suna ƙara nasu kaushin, suna kuma tausasa ƙaiƙayin da datsewar bawul ke haifarwa. A rubu'in wat kwanon da kyar yake motsi, sai a ji wani siririn zuu a saman sautin wanda babbar murya take ɓoyewa. Na biyu shi ne iskar ɗakin: idan ƙara ta yi yawa tana komawa ta girgiza jikin jita da tsirkiyoyinta, sautin ya riƙa ciyar da kansa, kuma wani kaso mai yawa na jan sauti da ake yaba wa tsofaffin amfilifayoyi daga nan yake, ba daga bawul ba. Na uku shi ne kunnen kansa. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakunan binciken Bell suka nuna cewa kunnen ɗan Adam yana rasa jin sautuka masu kauri, da ɗan abin da ya shafi masu kaifi sosai, idan murya ta yi ƙasa. Saboda haka ko da maragi bai sauya komai ba, mai sauraro zai rantse cewa sautin ya rame. Hanyar da ta dace a gwada maragi ita ce a ɗauki sautin da makirfo a kowane matsayi, a daidaita ƙarar ɗaukar, sannan a saurara. Sau da yawa bambancin da ya rage bai kai yadda ake zato a ɗaki ba, ko da yake ba ya ɓacewa.

Ba duk makunnin da aka rubuta wa adadin wat ne maragi irin wanda aka bayyana ba, kuma kamfanoni ba sa cika damuwa da fayyacewa. Wasu suna rage ƙarfin wutar da ke zuwa farantin manyan bawul ne. Tunda ƙarfin fitarwa yana bin ninkin bolt a kansa, raba bolt biyu yana mayar da wat kashi ɗaya cikin huɗu. Marshall Studio Vintage mai wat 20 da 5 ta wannan hanya take bi, kuma Kevin O'Connor na kamfanin London Power a Kanada ya shahara da tsarin da ake murɗa ragin a hankali maimakon tsalle daga mataki zuwa mataki. Kakan wannan dabara shi ne abin da Eddie Van Halen ya yi suna da shi, na jona Marshall ɗinsa a taransifomar da ake murɗawa don rage wutar da ke shiga gaba ɗaya, sai dai tasa tana rage har wutar dumama bawul, wadda tsarin zamani yake bari a bolt 6.3 ɗinta. Fa'idar rage bolt ita ce amfilifaya tana magana da lasifikarta kai tsaye, kuma bawul yana aiki a sanyaye. Illarta ita ce manyan bawul da aka rage wa wuta suna cika da sigina kaɗan, don haka idan ba a rage abin da sashen gaba ke turo musu ba, sautin yakan dagule ya zama kunu. Wasu makunnan kuma suna sauya yadda aka jona babban bawul ne, wanda ke da ƙarin raga, ya koma aiki kamar mai sassa uku kawai, abin da ke rage ƙarfi wajen rabi ya kuma duhunta sauti, wasu suna kashe biyu daga cikin bawul huɗu. Waɗannan na ƙarshe desibel 3 ne ko kusa da haka, kuma an riga an ga abin da desibel 3 yake nufi.

Idan aka zo ga aiki, kuskuren da ya fi yawa shi ne a kunna maragi a bar Master a ƙasa. A amfilifaya mai maɓallin Gain, mai ƙure sashen gaba, da na Master, kamar V5 da take kiran na biyun Volume, wanda ya ɗaga Gain ya sauke Master sannan ya sa maragi a mataki na ƙarshe ya yi asara biyu: manyan bawul ba su yi aiki ba, kuma rizisto ya cinye masa ƙyallin sauti a banza. Tsarin da ya dace akasin haka ne. A fara da maragi a ragi mai yawa don kare kunne, a sauke Gain zuwa inda sauti yake da tsafta ko kusa da haka, a ɗaga Master har a ji kaushi ya fara shigowa a bugu mai ƙarfi, sannan a riƙa sassauta maragin mataki-mataki zuwa iyakar abin da wurin zai ɗauka. Daga nan ne ake ƙara Gain kaɗan idan ana so. A amfilifayar da ba ta da Master, irin AC4TV, maɓallin murya ɗaya ne yake yin aikin duka, kuma daɗin yakan kasance tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu na murɗawa.

Ƙurewa har ƙarshe ba ta cika biya ba. Idan sigina ta yi wa ragar babban bawul yawa, ragar takan fara zuƙar wuta, kafasiton da ke gabanta ya cika, ma'aunin aikin bawul ɗin ya goce na ɗan lokaci, sai a ji sautin yana sarƙewa yana tusa, musamman a tsirkiyoyi masu kauri. Maganinsa shi ne a ɗan koma baya, kuma a rage maɓallin Bass, domin sautuka masu kauri su ne suke fara cika sashen ƙarfi. Masu tsofaffin Fender sun daɗe da sanin cewa duk lokacin da murya ta hau, Bass sauka yake yi. A irin waɗannan amfilifayoyi akwai kuma ɗan kafasito a kan maɓallin murya da ke ƙara kaifi idan muryar tana ƙasa, wanda tasirinsa ke gushewa idan an ɗaga ta, don haka wani ɓangare na duhun da ake ɗora wa maragi daga nan yake, kuma ɗaga Treble ko Presence kaɗan yana rama shi. Da zarar an samu matsayin da ya dace, sauran aikin yana hannun makaɗi: ya rage maɓallin da ke jikin jitarsa ko ya sassauta bugu sauti ya tsaftata, ya danna ya yi gurnani. A ganina wannan amsawar ita ce ainihin abin da ake saye, fiye da yawan kaushin.

Ya kamata kuma mutum ya tambayi kansa ko sautin da yake nema a sashen ƙarfi yake tun asali. Amfilifayoyin kiɗa mai nauyi na zamani, tun daga tsarin jera ƙananan bawul a bayan juna da Randall Smith ya yi fice da shi a Mesa Boogie a Kalifoniya cikin shekarun 1970, an gina su ne don sashen gaba ya yi kaushin, sashen ƙarfi kuma ya tsaya da tsafta da tauri. Ƙure manyan bawul a irinsu yana sassauta ƙasan sauti ne, abin da mai wannan kiɗa ba ya so, kuma Master mai kyau ya ishe shi. Haka nan duk wanda ke amfani da na'urar amsa-amo ko ta maimaita sauti ya sani cewa waɗannan suna shiga ne kafin sashen ƙarfi, ko da ta ƙofar baya aka jona su, don haka idan manyan bawul suna gurnani, wutsiyar amon ma za ta yi gurnani ta cakuɗe. Maragi ya fi amfani ga mai tsohon tsari, wanda amfilifayarsa ba ta da kaushi sai an ɗaga ta.

Akwai kuɗin da ake biya wanda ba a rubuta a jikin makunni ba. Shirun da ke ɗaki yana sa a manta cewa amfilifayar tana gudu iya ƙarfinta. A tsarin bi da bi, manyan bawul da ake ƙurewa kullum suna tsufa da wuri, taransifoma tana ɗaukar zafi, rizistocin maragin kuma suna zubar da nasu zafin a cikin akwati ɗaya da sauran kayan. A ƙasashe masu zafi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a manna bayan akwatin da bango ko a rufe shi da zane ba. Inda wutar gari ko ta janareta take hawa da sauka, amfilifayar bawul tana bin ta: idan wuta ta yi ƙasa kaushi ya zo da wuri, idan ta yi sama bawul ya sha wuya, saboda haka matsayin da ya yi daɗi jiya yana iya sauyawa yau ba tare da an taɓa komai ba. Wadda aka ƙera don bolt 120 na Amurka kuwa ba a jona ta a wutar bolt 220 ko 230 sai da taransifomar ragewa. Kada kuma a ɗauka cewa samun maragi yana nufin ana iya cire lasifika. Amfilifayar bawul da ke aiki ba tare da abin da zai karɓi wutarta ba tana iya ƙona taransifomar fitarwa, sai fa idan littafinta ya faɗi ƙarara cewa tana da matsayin shiru, kamar Hughes & Kettner TubeMeister 18 da ke sauka daga wat 18 zuwa 5, zuwa 1, zuwa babu sauti. Buɗe cikinta kuma aikin mai gyara ne, domin kafasitocinta suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare ta daga soket.

Idan aka haɗa duk wannan, wurin da maragi yake haskakawa shi ne ragi na desibel 3 zuwa 6, ko 9 idan mai kyau ne. A nan lasifika tana motsi, amfilifaya tana jin ta, iska tana komawa ga tsirkiya, kuma amfilifayar da ta fi ƙarfin ƙaramin zaure ko ɗakin atisaye ta dawo daidai da mai ganga ba tare da ta rasa halinta ba. Wannan matsala ce ta gaske, kuma maragi ya warware ta sarai. Matsalar ɗakin kwana daban ce, kuma a can ya fi kyau a raba nauyin: ɗan ragi daga maragi, ɗan kaushi daga sashen gaba ko daga feda, wato 'yar na'urar da ake takawa, mai turo sigina, da lasifika marar saurin amsawa. Sauya lasifika mai desibel 100 da mai 94 yana rage ƙara daidai da sauka daga wat 4 zuwa wat 1, kuma babu rizisto ko ɗaya da ya shiga tsakaninta da amfilifaya.